Jirgi a Sama, Gumi a Ƙasa: Bashin da Tarihin Yaƙin Hitila Bai Biya Arewacin Zamfara Ba

Duk shekara, a tsakiyar watan Satumba, mutanen Ingila kan tuna da gumurzun da mayaƙansu na sama suka yi da Jamus a 1940. Akan fito da tsofaffin jiragen Spitfire da Hurricane a tashe su, jikoki su ɗaga kai suna tafi. A gidajen tarihi na Hendon da Duxford an adana jiragen da kayan matuƙansu kamar kayan gado. Tun a watan Agusta na waccan shekara Firaminista Winston Churchill ya aza harsashin wannan labari, da ya yabi matuƙan a matsayin 'yan kaɗan waɗanda jama'a mai yawa ta ci albarkacinsu. Ba ni da ja a kan jarumtakar waɗancan samari, domin da yawansu sun ƙone a sama tun ba su cika shekara 25 ba. Jayayyata a kan lissafin take. An ƙidaya 'yan kaɗan ɗin da ke cikin jirgi, an tsallake masu yawan da suka ɗauki jirgin a ka. Cikin waɗanda aka tsallake akwai manoman Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi. Abin da ya fi ciwo kuma shi ne, mu jikokinsu mun karɓi wannan lissafi mun sa masa hannu.

Hanyar da ta biyo ta Kano

A watan Nuwamba na 1925 jirage uku na rundunar sama ta Ingila suka taso daga Masar suka sauka a Kano, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Jama'a sun ɗauke shi abin kallo. Su kuwa masu jiragen awon hanya suke yi, kuma bayan shekara 15 awon ya yi musu rana.

A watan Yuni na 1940 Faransa ta faɗi, Italiya ta shiga yaƙi a ɓangaren Hitila, tekun Bahar Rum ya zama tarko ga jiragen ruwan Ingila. Sojojinta da ke Masar suna bukatar jiragen yaƙi, ga hanya ta toshe. Sai aka koma ga tsohon awon nan. Ana loda jirage a akwatuna zuwa tashar ruwa ta Takoradi a Gwalkwas, wato Gana ta yau, a harhaɗa su a can, su tashi zuwa Ikko, su yada zango a Kano da Maiduguri, su ratsa Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, su bi ta El Fasher da Hartum, su dire a Alƙahira. Abin da ya buɗe wannan hanya shi ne matakin Félix Éboué, baƙar fatan da ke gwamnan Cadi, wanda ya bi Janar de Gaulle a watan Agusta na 1940. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Coningham ɗin nan da ya fara sauka a Kano shi ne ya jagoranci mayaƙan saman Ingila a hamadar Masar da Libiya, har zuwa nasarar El Alamein a 1942. Wani kaso na jiragen da ya yi yaƙin da su a Kano suka sha mai.

A nan ne mai gardama zai tare ni ya ce: to, wannan ai labarin Kano ne da Maiduguri, ina ruwan Zurmi? Zangon jiragen nan bai haɗa da Ƙaura ko Shinkafi ba. Na yarda. Amma wannan tambaya ita ce ainihin cutar da nake magana a kanta, wato a ɗauka cewa inda tayar jirgi ta taɓa ƙasa nan kaɗai yaƙi ya taɓa. Jirgi yana da ciki, mai tuƙa shi yana da ciki, matar da ke ɗaure masa kusoshi a masana'anta tana da ciki. Wanda ke son sanin rabon Zamfara a yaƙin sama sai ya bi sawun abin da waɗannan cikkuna suka ci.

Abin da jirgi ya ci

Layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929, ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, a nan kuma ya tsaya. Ba don ziyarar dangi aka shimfiɗa shi ba. An kawo shi ne domin ya kwashi gyaɗa da auduga da fatu daga gabashin lardin Sakkwato zuwa bakin teku. Garin da ke ɗauke da sunan Namoda, jarumin jihadi, ya zama bakin mazurari: jakuna da raƙuma daga ƙasar Zurmi da Shinkafi suna sauke buhuna a gaban sikelin kamfanoni, jirgin ƙasa yana haɗiyewa.

Da Japan ta mamaye Malaya ta kama Singafo a watan Fabrairu na 1942, Ingila ta rasa manyan hanyoyinta na samun man girki da roba da kuza a lokaci guda. Idonta ya juyo kan Afirka ta Yamma. A shekarar nan aka ɗora cinikin gyaɗa a hannun hukumar gwamnati mai kula da amfanin gona na yankin. Ita ke yanke farashi, kamfanoni irin su UAC da John Holt suna saye a madadinta. Manomi ba shi da wani mai saye da zai juya gare shi in farashin bai yi masa ba. Umarni kan taso daga Razdan zuwa Sarkin Musulmi, daga nan zuwa uwayen ƙasa da masu gari, cewa a ƙara noman gyaɗa domin yaƙi. Gyaɗar nan ita aka matse ta zama mai da man shafa wa burodi a cikin rabon abincin mutanen Ingila, har da matuƙan da ake yabo. Kowace kadada da aka ba gyaɗa kuwa, gero da dawa aka ƙwace wa.

Sai kuza. Da ita ake lanƙwamar wayoyin lantarki, tana shiga cikin sassan inji, da ita ake lulluɓe gwangwanin abincin soja. Da aka rasa ta Malaya sai aka matsa wa ta Jos. Daga 1942 zuwa 1944 gwamnatin mulkin mallaka ta tilasta wa talakawa kimanin 100,000 daga lardunan Arewa, ciki har da lardin Sakkwato, zuwa haƙar kuza a kan tsaunukan Filato. Talakawa suka raɗa wa abin suna diban gwamna, kuma sunan ya faɗi komai, domin hatsi ake diba, ba ɗan Adam ba. Mutumin da ya tashi a zafin bakin Gagare aka kai shi sanyin Jos da 'yar taguwa, ga ƙarancin abinci, ga cunkoson bukkoki. Ciwon ƙirji da sauran cututtuka suka kashe da dama, wasu suka gudu suka kamo hanyar gida a ƙasa. Abin lura, Ingila ta rattaba hannu tun 1931 a kan yarjejeniyar duniya ta hana aikin tilas. Ta fake da ƙofar da yarjejeniyar ta bari domin lokacin yaƙi. Wato ana yaƙi da Hitila saboda yana bautar da al'ummai, ana kuma bautar da wata al'umma domin a ci shi da yaƙi.

Waɗanda aka diba sai an ciyar da su, sojoji ma sai an ciyar da su. Saboda haka aka shiga karɓar hatsi daga ƙauyuka a farashin gwamnati. Damina ta zo da gardama, majiya ƙarfi suna ramin kuza ko bariki, rumbu ya riga ya yi sauƙi. Yunwar da ta biyo baya a wajajen 1942 zuwa 1943 tana da suna a bakin tsofaffin ƙasar Hausa: 'Yar Gusau. Masanin nan Michael Watts ya kawo ta cikin jerin yunwoyin Arewa a littafinsa na 1983. A duba wannan da kyau: babban birnin jiharmu ta yau ya ba da sunansa ga wata yunwa ta zamanin yaƙi, amma ɗalibi zai gama sakandare a Gusau ya san ranar da aka jefa bam a Hiroshima bai taɓa jin sunanta ba.

Shinkafi da Zurmi suna da wani ƙarin nauyi da Kano ba ta ɗauka kamarsu ba, wato iyaka. Daga 1940 har ƙarshen 1942 Nijar tana hannun gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus. Dare ɗaya Maraɗi ta zama ƙasar abokan gaba a takardar Bature. Mutanen da suke auren juna, suke cin kasuwa ɗaya, masu kawo dabbobi da kanwa su koma da goro da tufafi, aka ce musu fataucinsu ya zama fasa-ƙwauri. Rigimar Turawa biyu ta raba ɗan'uwa da ɗan'uwa. A lokacin ne kuma gishiri da kananzir da yadi suka yi wuya a ko'ina cikin Nijeriya, tsadar da ta taru har ta haifar da babban yajin aikin 1945 wanda ma'aikatan reluwe suka ja gaba.

Kuɗi ma an karɓa. An kafa asusun taimakon yaƙi, baitulmalin En'e-En'e suka ba da gudummawa, aka bi jama'a da karo-karo domin sayen jiragen yaƙi. Saboda irin wannan gudummawa ce aka laƙaba wa runduna ta 91 ta mayaƙan saman Ingila sunan Nijeriya. Jiragenta na Spitfire suna tashi daga kudancin Ingila da sunan ƙasarmu a jikinsu. Sunan ya hau sama, masu sunan suna ƙasa. Ƙofar zama matuƙi ba ta buɗe wa baƙar fata ba sai da yaƙi ya matsa, kuma 'yan ƙalilan ne suka shige ta, irin su Peter Thomas ɗan Ikko, wanda ya rasu a haɗarin jirgi a 1945. Rabon ɗan Arewa shi ne bindiga da kaya a ka. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a dazukan Bama, inda jirage ke jefo musu abinci da harsashi daga sama, su kuma su ɗauka a ka su hau duwatsun da mota ba ta iya hawa. Sunayen barikokinmu, Chindit a Zariya da Dalet a Kaduna da Myohaung a Ikko, daga can suka samo asali. Muna wucewa ta gabansu kullum ba mu tambayi ma'anarsu ba.

Amsa ga masu kawo uzuri

Uzuri na farko shi ne, da Hitila ya ci yaƙi da baƙar fata ya fi kowa shan wuya. Wannan gaskiya ce, kuma ba na fatan da an yi akasin abin da aka yi. Amma kasancewar yaƙi na da dalili bai wanke kowace hanya da aka bi wajen yin sa ba. Idan gobara ta tashi a unguwa aka fasa rumbunka aka ciyar da masu kashe wuta, ko da ka yafe hatsin, kana da haƙƙin a ambaci sunanka ranar da ake rabon yabo. Ingila ta roƙi mutanenta su yi haƙuri da rabon abinci, ta kuma saka musu bayan yaƙi da asibiti kyauta da gidaje. Manomin Zurmi ba a roƙe shi ba, ba a kuma saka masa ba.

Uzuri na biyu shi ne, sarakuna da kansu suka bayar, ba a sa musu bindiga ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka kafa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta yi ta yaɗa labarin yaƙin da kiran jama'a su taimaka, kuma babu shakka akwai waɗanda suka bayar da zuciya ɗaya. Sai dai a tambaya: kuɗin baitulmali daga ina suke? Harajin talaka ne da jangalin makiyayi. Sarkin da Gwamna ke iya tuɓewa, in aka ce masa ana neman gudummawa, wace amsa gare shi? Talakan da dogari ya tsaya a ƙofar gidansa, ina zaɓinsa? Kyautar da ba a iya ƙin bayarwa haraji ce da aka sauya wa riga.

Uzuri na uku shi ne wanda ya fi yawo a majalisun hira a yau: zamanin Turawa ya fi, akwai tsaro, jirgin ƙasa na zuwa Ƙaura a kan lokaci. Na fahimci inda wannan magana ta fito. Mutumin da ba ya iya zuwa gonarsa saboda 'yan bindiga, yana kallon tashar da ciyawa ta cinye, dole ya yi begen jiya. Amma jirgin nan da ke zuwa a kan lokaci, me yake ɗauka, ina yake kai shi? Lalacewar masu mulkin yau hujja ce a kansu, ba ta zama shaidar adalci ga na jiya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: haka aka yi a 1942, kuma begen gardin farko ba zai raba mu da na biyu ba.

Gadon kallo daga sama

Da a ce wannan magana ta tsaya ga neman yabo ne kawai, da ba ta cancanci tawada mai yawa ba. Akwai abin da ya fi yabo nauyi. Rundunar saman Ingila ba a kan Jamus ta fara koyon sana'arta ta mulki ba. A 1920 ta yi ruwan bama-bamai a kan mayaƙan Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan a Somaliya. Daga 1922 aka damƙa mata tsaron Iraƙi, inda jirage suka riƙa kai hari kan ƙauyukan da suka yi tawaye ko suka ƙi biyan haraji. Hujjar ita ce araha: jirgi kaɗan sun fi bataliya sauƙin kuɗi, ba kuma sai jami'i ya taka ƙasa ya san mutane ba. Daga sama ba a ganin fuska. Ana ganin taro ne, da ƙura, da rufin ɗaki.

Wannan ido shi ne ya rubuta tarihin da na soma da shi, wanda ya ga Takoradi da Kano a matsayin ɗigo a taswira bai ga mai noman gyaɗa ba. Shi ne kuma muka gada. Yau sararin Zurmi da Shinkafi ya san ƙarar jirgin yaƙi fiye da yadda ya san ta a zamanin Hitila, kuma jiragen namu ne. Ba na musun bukatarsu. 'Yan bindiga sun kashe dubban mutane, sun tashi garuruwa, jama'a da bakinsu suke roƙon a kawo ɗauki, matuƙan kuma 'ya'yanmu ne da ke sayar da rai. Amma a watan Disamba na 2023 jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya faɗa wa masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, mutum aƙalla 85 suka rasu. A watan Janairu na 2025, a yankin Tungar Kara da ke tsakanin Zurmi da Maradun, harin sama ya faɗa kan 'yan sa-kai da mutanen gari da suka fito tunkarar ɓarayi, aka ba da rahoton mutuwar aƙalla 16. A 2021 an rufe kasuwannin mako da layukan waya a Zamfara domin a matse 'yan bindiga, matsin ya fara sauka a kan mai sayar da tumatir. Duk waɗannan matakai daga nesa aka tsara su, aka kuma biya kuɗinsu a ƙauye. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa.

Al'ummar da ta saba a ba da labarinta ba tare da sunayen mutanenta ba, ba za ta yi mamaki ba in aka kashe mata mutane aka kira su adadi. Shi ya sa nake ganin rashin rubuta tarihin diban gwamna da rashin buga sunayen waɗanda harin kuskure ya kashe, reshe biyu ne na itace ɗaya.

Abin da ya rage mana

Ba London nake kai ƙara ba, domin kowace al'umma tana rubuta tarihinta ne yadda zai yi mata daɗi. Ƙarata tana gaban masu ilminmu. Takardun lardin Sakkwato suna nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, da rahotannin haraji da na amfanin gona da wasiƙun Razdan. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Muna da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Jami'ar Tarayya ta Gusau, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a cikin Ƙauran Namoda kanta. Kayan aiki ba su yi ƙaranci ba. Lokaci ne ya yi ƙaranci, domin yaron da ke da shekara 10 a lokacin 'Yar Gusau ya haura 90 a yau, kuma da yawa daga irinsu rikici ya raba su da garuruwansu.

A tura ɗalibai su zauna gaban waɗannan tsofaffi, maza da mata, da na'urar ɗaukar magana. A tambaye su wa aka diba daga gidansu, wa ya dawo, me aka ci a shekarar yunwa, nawa aka sayi buhun gyaɗa a sikeli, yaya aka yi da dangin da ke hayin iyaka. A rubuta da Hausa, a sa a manhajar makarantun jiha. A gyara ɗaki ɗaya a tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura a jera abin da aka samo. Sannan a nemi hukumomin tsaro, duk lokacin da harin sama ya faɗa kan bayin Allah, su buga sunayen mamatan da sakamakon bincike, su biya diyya a bainar jama'a. Ingila ta san sunan kowane matuƙi da ta rasa a 1940. Mu ma mu fara da sanin sunayen namu, na ramin kuza da na Tungar Kara.